Daga rediyo mai kaset zuwa hom tiyata: wat nawa ɗaki yake buƙata?

Lokacin da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, kayan sautin yawancin gidaje bai wuce rediyo mai kaset ba, irin su National da Sharp masu cin manyan batura. Ƙarfinsu 'yan wat ne kaɗan, amma idan aka saka Shata a zaure har maƙwabta sai sun ji. Mai saye ba ruwansa da lamba, kunnawa yake yi ya saurara.

Zancen lamba ya shigo ne da zamanin faifan CD da finafinan Kano. 'Yan kasuwa suka riƙa sarin hom tiyata daga Sabon Gari, a jikin kwali an rangaɗa 2000W PMPO. Masu gyara ne suka fara gano bakin zaren. Da sun kwance bayan akwatin sai su tarar da 'yar tiransifoma da ƙaramin aisi irin TDA2030, wanda ƙarfinsa wajen wat 14 ne. PMPO adon talla ne kawai. RMS ne ke nuna ƙarfin da na'ura za ta jure bayarwa. Tun 1974 hukumar kasuwancin Amurka ta wajabta wa kamfanoni bayyana irin wannan ƙarfi mai ɗorewa.

Ƙaramin janareton nan mai wat 650 ma ya isa shaida cewa lambar jikin kwali ba gaskiya ba ce: yana ɗaukar hom tiyatar da talabijin da fanka lokaci guda.

Abin da ya fi kai sifiku teburin gyara shi ne amfilifayar da aka matsa wa. Idan wuta ta zo da rauni ƙarfinta yakan ragu, maigida ya ƙure murya, sauti ya fara fashewa, koyil ɗin ƙaramar sifika ya ƙone. Yanzu da sola ta yaɗu, ƙananan amfilifayoyi masu aiki da batir mai bolt 12 sun samu karɓuwa, don ba sa zafi sosai kuma ba sa shan wuta da yawa.

Lissafin masu sana'ar bai canza ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka sau goma kunne zai ji ƙara ta ninku. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, wat 20 zuwa 50 na RMS a kowane ɓangare ya wadatar. Mai saye ya duba RMS, ya tabbata om ɗin sifika, 4 ko 8, ya dace da na amfilifaya, sannan a kunna masa ya ji kafin ya biya.