Mazari, Allura da Kyanwa: Inda Iyayenmu Mata Suke Sauke Damuwa

 Yau tarihin Daura za mu taɓo, amma ba na Bayajida da rijiyar Kusugu ba, na tsakar gida.

A da, daga cikin birni har Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa, da wuya ki shiga gida bayan kaka ba ki tarar da mata suna kaɗi ba. A gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta, sannan kowace ta jawo taskira da mazari, ta dangwali alli. Zaren da abawar a sayar wa masaƙa, kuɗin kuwa na mai kaɗi ne.

To amma fa ba kuɗin kaɗai ba ne ribar. Hannu na murza mazari, baki na hira. Wadda zafin kishi ya dama, ko wadda ta rasa ɗa, a nan take amayar da abin da ke cinta, tsofaffi su ba ta baki. A gefen tabarma kuma ga kyanwa. Don ɓeran rumbu aka ajiye ta, amma tsohuwar da 'ya'yanta suka watse ta san ita ce abokiyar zama.

Me ya sauya? A 1911 layin dogo ya iso Kano, yadin Turawa ya ƙara cika kasuwanni. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki. Zaren inji ya fi araha, sai mazari ya koma ƙarƙashin gado. Wasu suka riƙe ɗinkin hula da saƙar faifai, wasu kuwa aka bar su da tagumi.

Ba mu kaɗai muka san wannan magani ba. A Amurka, lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, mata sun duƙufa wajen harhaɗa ƙyallaye suna ɗinka bargo, iyalai kuma suna kwana kan wasan haɗa hoton da aka yayyanka gutsi-gutsi. Wasan nan wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya fara sayar da irinsa a shekarun 1760. Sirrin dai ɗaya ne da na mazari: aikin da hannu ke maimaitawa yana tattara hankali wuri guda, tunani ya lafa.

Yau fa? Kowace tana ɗaki da waya, ga hawan jini, ga rashin barci. Ba mu ce allura ta maye gurbin asibiti ba. Mai ciwo ta ga likita. Amma ke 'yar'uwa, ki ware ko rabin sa'a bayan la'asar, ki kira maƙwabciya, ku ɗauki hula ko faifai. In Inna ko Gwaggo na raye, ki roƙe ta ta nuna miki kaɗi tun tana iyawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.