Kadawa: Ruwan Tiga Da Abin Da Ya Haifar

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya wuce Tamburawa ya doshi Kura, zai ga ƙasa kore shar alhali ko'ina a Arewa ciyawa ta bushe. Yaran da aka haifa a wannan yanki sun ɗauka haka Allah Ya halicci wurin. Ba haka ba ne. Wannan kore aikin hannun ɗan Adam ne, kuma shekarunsa ba su wuce hamsin da 'yan kai ba. Ya kamata mu waiwayi yadda aka yi, domin wanda bai san mafarin abu ba, da wuya ya iya tattalinsa.

Kafin zuwan ruwa, sunan da Kura ta yi ba a noma ta yi shi ba, a rini ne. Tun ƙarni na 19 marinan Kura da masu bugunta suka shahara da turkuɗi, wato baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, har ake kiran rawaninsa ɗan Kura, fatake suna kai shi Agadas da cikin Sahara. Noma kuwa na damina ne, gero da dawa da gyaɗa da auduga. Mai lambu sai wanda ya dace da fadama, yana ɗebo ruwa da jigo, guga bayan guga. Da kaka ta wuce, samari da yawa sai su rataya jaka su tafi cin rani.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, ya lura cewa jihar na da jama'a da ƙasar noma, amma ruwanta na watanni huɗu ne kacal, sauran ya gangara ya wuce. Sai ya ɗauri aniyar tare shi. Aka fara da ƙaramar madatsar Bagauda, wadda da ruwanta aka yi gwajin noman rani na zamani a Kadawa. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ana cikin ginin ne fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen bakin Sahara a 1972 da 1973, dabbobi suka yi ta mutuwa, hatsi ya yi tsada. Wannan fari ya rufe bakin masu cewa aikin almubazzaranci ne.

Hikimar tsarin, wanda kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana, ita ce ruwan ba ya bukatar inji. Tiga tana kan tudu, gonaki suna ƙasa. Ruwa yana fitowa ta babban kanal zuwa Ruwan Kanya, daga baya ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, ya bi ƙananan hanyoyi har bakin gonar manomi. An tsara kashi na farko zai ba hekta 22,000 ruwa a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake abin da aka iya shiryawa bai wuce kimanin hekta 15,000 ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

To, amma ba a cin zuma sai an sha harbi. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu don tafkin Tiga ya samu wuri. A yankin noman kuma an karɓi gonaki, aka sare ɗorawa da kuka da tsamiya, aka baje ƙasa da katafila, sannan aka mayar wa masu ita bayan an zabge wani kaso na hanyoyin ruwa. Wanda ba shi da kuɗin taki da na tarakta da na 'yan ƙwadago, sai ya ba da gonarsa haya ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni, ya koma yi masa aiki. Mata ma sun shiga ƙwadago, har waɗanda ke tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turai suka yi yajin aiki don a ƙara musu lada, abin da mai bincike Sam Jackson ta rubuta a kansa a 1978. Can ƙasa kuma, mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu, musamman bayan an kammala madatsar Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Abin da ya fi ban sha'awa a tarihin Kadawa shi ne jayayyar da aka yi a kan abin da za a shuka. Gwamnati alkama take so, don a rage sayo ta daga Amurka saboda burodi. Masana a tashar bincike ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi ta gwada iri. Amma alkama 'yar sanyi ce. In ba a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba ba, zafi zai cim mata kafin ta nuna, alhali a lokacin dawar manomi tana tsaye a gona, kuma ba zai tumɓuke abincin iyalinsa don burodin mutanen birni ba. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, farashi ya tashi, manoma suka ruga. Da aka janye hanin bayan 'yan shekaru, suka watse.

Manomi dai ya san lissafinsa. Ya karɓi ruwan, ya zaɓi tumatir da albasa da tattasai da masara a rani, shinkafa kuma a damina. Daga nan arzikin yankin ya taso, ba daga takardun tsari ba. Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Kura ta zama garin shinkafa, mata suna turarawa a gidaje, injina suna casa, dillalai suna awo. Garin da samarinsa ke tafiya cin rani ya koma mai karɓar 'yan cin rani.

Sai dai ruwa da titi ba su ne iyakar abin da arziki ke bukata ba. Tumatir ba ya jira. Idan ya nuna a lokaci ɗaya, kwando yakan faɗi warwas, a shanya shi a bakin hanya ko ya ruɓe. An yi murna da kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. A wannan shekarar ce kuma tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, daga baya ta yi ta buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin kaya da saɓani kan farashi. Su kansu hanyoyin ruwan, shekaru sun yi ta cika da yashi da ciyawa, na kusa da kanal ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya yi ta jira, har sai da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya zo ya yi gyara, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su riƙa tara kuɗin kula da kayansu.

Yau wata sabuwar jarrabawa ce ta tunkaro. Birnin Kano yana miƙe ƙafa ta hanyar Zariya, rukunonin gidaje da kasuwanni sun kai Ɗangwauro, gidajen mai da masana'antu suna bin titi. Kullum tazarar da ke tsakanin birni da Kura raguwa take yi, kuɗin fuloti kuma yana neman rinjayar kuɗin amfanin gona. Gida ana iya gina shi a kan kowane tudu, amma gonar da ruwa ke zuwa mata da ƙafarsa ba a samunta ko'ina, kuma in an zuba mata siminti, ta tafi ke nan.

Mutanen zamanin Audu Bako sun tare ruwa, manoman Kadawa sun mai da shi abinci. Abin da ya rage wa na yanzu shi ne su shata iyaka tsakanin gona da gini, su yashe kanal kafin ya toshe, su kuma sama wa amfanin gona ma'ajiya da masana'antar da za ta ɗore. Birnin da ya cinye gonarsa, wata rana zai nemi miya a hannun wasu.