Matan da Aka Zana da Matan da Suka Yi Zane

A watan Afrilun 1874 wasu masu zane a birnin Faris suka gaji da alƙalan baje kolin gwamnati, suka buɗe nasu a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar. A nan aka laƙaba wa salonsu suna Imfireshinizim, wato kama haske da yanayin abu yadda ido ya gan shi a ƙiftawa guda. Mata sun cika zane-zanensu, sai dai irin macen da ke fitowa ta danganta da ƙofar da mai zanen yake da ikon shiga.

Edgar Degas namiji ne ɗan gidan masu hali, yana kutsawa har bayan dandamalin gidan Opera, ya yi ayyuka fiye da dubu a kan 'yan rawa. Yawancin yaran nan 'ya'yan talakawa ne, kuma attajirai masu kujerar dindindin suna da izinin zuwa inda suke atisaye. Mazan nan masu baƙaƙen kaya da ake hangowa a gefen wasu zanukansa ba rawar kaɗai ta kawo su ba. A 1881 ya nuna mutum-mutumin kakin zuma na Marie van Goethem, 'yar shekara 14. Masu sharhi da yawa suka kira ta mummuna, har suna karanta lalata a fuskar yarinya ƙarama.

Berthe Morisot da Mary Cassatt, 'yar Amurka, ba su da wannan damar, domin mace mai mutunci ba ta zama a mashaya ita kaɗai, kuma babbar makarantar zane ta gwamnati ba ta karɓi mata ba sai 1897. Saboda haka suka zana falo, lambu, uwa da jariri. An daɗe ana ɗaukar wannan ƙaramin aiki, alhali a nan ne mace take fitowa da tunanin kanta. A zanen Cassatt na 1878, wata mata a gidan wasa ta kafa madubin hangen nesa tana kallon dandamali, wani namiji daga can nesa ya kafa nasa a kanta, ita kuwa ko a jikinta.

Morisot ta shiga bakwai daga cikin baje koli takwas na ƙungiyar. Da ta rasu a 1895, takardar shaidar mutuwarta ta ce ba ta da sana'a.