Karɓar filaye domin kare dausayi a Najeriya: tanadin doka da iyakarta

Dausayi shi ne ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta duk shekara ko na wasu watanni, kamar fadama da bakin tafki da wuraren da koguna ke shiga teku. Yana rage ƙarfin ambaliya, yana cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, kuma da shi masunta da makiyaya da manoman rani ke rayuwa. Daga fadamun Kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi a Jihar Adamawa har zuwa gaɓar teku a Jihar Bayelsa, doka ɗaya ce ke fayyace yadda gwamnati za ta karɓi irin wannan fili.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin wanda ke riƙe da fili idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, bisa sharaɗin a aika masa da sanarwa. Sashe na 29 ya tanadi diyya, amma kan abin da aka raya filin da shi ne, kamar gini da amfanin gona, ba kan ƙasar kanta ba. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba mai fili damar zuwa kotu. Sashe na 20 kuwa ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli.

Wuraren da aka keɓe

Najeriya tana cikin Yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru da mashigar Marma ne suka fara shiga jerin wuraren yarjejeniyar a 2000. A 2008 aka ƙara guda goma, ciki har da Baturiya a Jigawa, da Dagona a Yobe, da dajin Apoi a Bayelsa. Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandayen dajin ƙasa goma, cikinsu har da na dausayin Haɗejia da na Apoi. Shiga jerin Ramsar bai sauya mai riƙe da fili. Dokar ƙasa ce kaɗai ke yin hakan.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce diyya. Masunci ko makiyayi da ya gaji amfani da fadama daga kakanninsa galibi ba shi da gini ko shuka a cikinta. Idan aka keɓe wurin, yana iya rasa hanyar abincinsa ba tare da an ƙiyasta masa komai ba.

Ta biyu ita ce ruwa. Dausayin Haɗejia da Nguru ya dogara ne da malalar kogunan Haɗejia da Jama'are. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duk a Jihar Kano, malalar ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Shata iyaka bai hana wannan ba, domin tushen matsalar yana can saman kogi.

Saboda haka karɓar fili mataki ne na farko kawai. Ɗorewar dausayi na buƙatar sakin ruwa daga madatsu a lokacin da ya dace, da kuma yarjejeniya da al'ummomin da ke ci daga cikinsa kan lokacin su da kiwo da noma.