Farautar Nakiya: Daga Bakin Kogin Wuri Zuwa Gonakin Michika

1.0 Gabatarwa

Garin Michika yana gindin duwatsun Mandara ne, a arewacin Jihar Adamawa, kuma tsakaninsa da bakin teku akwai tazarar fiye da kilomita 800. Saboda haka mai karatu zai iya mamakin abin da ya haɗa wannan gari na Kamwe da jiragen ruwan yaƙi. Abin da ya haɗa su shi ne nakiya, wato makamin nan da akan binne a ƙasa ko a nutsar a ruwa, a tafi a bar shi yana dakon wanda tsautsayi zai kawo. Sau biyu cikin shekara ɗari wannan makami ya shiga tarihin Michika: a watan Satumba na 1914 daga nesa, sa'an nan daga watan Satumba na 2014 har cikin gida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin aikin masu farautar nakiya a tsakanin waɗannan shekaru biyu. Za ta yi ƙoƙarin nuna cewa, a wajen talaka, yaƙi ba ya ƙarewa ranar da aka sa hannu a takardar sulhu ko aka kafa tuta a garin da aka ƙwato, sai ranar da aka tsince abin da mayaƙa suka shuka.

2.0 Duwala, 1914

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na 1914, ƙasashen Mubi da Michika da Madagali suna cikin Kamaru, wadda ke ƙarƙashin mulkin Jamus. Turawan Ingila da ke Nijeriya sun fara gwada sa'arsu ta tudu. Rundunar da ta tashi daga Yola ta kai wa Garwa hari a ƙarshen watan Agusta, amma ta sha kashi, har kwamandanta ya rasa ransa. Wannan ya ƙara wa harin da ake shiryawa ta ruwa muhimmanci, wato harin Duwala, babbar tashar jiragen ruwan Kamaru da ke bakin Kogin Wuri.

Jamusawa kuwa sun san da zuwan baƙin. Sai suka nutsar da jirage da dama a tsakiyar hanyar shiga kogin, suka kuma dasa nakiyoyi. Manyan jiragen yaƙin Ingila, Cumberland da Challenger, ba su da ikon matsawa kusa da garin sai an buɗe hanya. Aikin buɗewar ya faɗa wuyan ƙananan jirage, da yawansu na Ma'aikatar Jiragen Ruwa ta Nijeriya da aka kawo daga Legas, cikinsu har da jirgin gwamnati mai suna Ivy. An yi kwana da kwanaki ana farfasa jiragen da aka nutsar, ana laluben nakiyoyi. Da hanya ta samu, Challenger ya ratsa, ya yi wa garin ruwan wuta, Duwala ta miƙa wuya ranar 27 ga Satumba.

Faɗuwar Duwala ta raba Jamusawa da babbar ƙofarsu ta teku. Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916, dutsen Mora kuma ranar 18 ga Fabrairu na wannan shekara. A rabon da Ingila da Faransa suka yi a 1919, yankin Mubi da Michika ya faɗa ɓangaren Ingila, kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da shi Nijeriya a matsayin Lardin Sardauna. Ke nan, cikin dalilan da suka sa Michika take Nijeriya a yau, akwai gumin waɗancan ma'aikatan ƙananan jirage da littattafan tarihi ba su cika ambata ba.

3.0 Daga Shara Zuwa Farauta

Nakiyar ruwa ta wancan zamani tamkar tulun ƙarfe take, cike da albarushi, ɗaure da igiyar ƙarfe a jikin anga, tana lilo ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. Sai jirgi ya taɓa ta take tashi. Maganinta shi ne shara: jirage biyu su ja doguwar waya a tsakaninsu, wayar ta tsinke igiyar, nakiyar ta taso, a harbe ta daga nesa.

A 1939 Jamusawa suka fito da wata wadda ba ta da igiya. Tana kwance a ƙasan ruwa, ƙarfen jikin jirgi ne ke motsa maganaɗisun da ke cikinta. Daga baya aka sami mai jin ƙarar inji, a 1944 kuma aka sami mai jin canjin nauyin ruwa idan jirgi ya wuce ta kanta. Har akwai mai ƙirga jirage, ta ƙyale na farko da na biyu, ta tashi da na baya. Irin waɗannan shara ba ta wadatar da su. Tilas aka koma neman su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda maharbi kan bi sawun nama. Wannan ne asalin jirgin farautar nakiya.

Idon wannan jirgi shi ne na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsawarsa, kamar yadda jemage kan gane hanya da dare. Jikinsa kuwa ba a yinsa da ƙarfen da maganaɗisu ke ji, sai katako ko roba mai haɗe da zaren gilashi. Jirgin Ingila mai suna Wilton, wanda ya fara aiki a 1973, shi ne jirgin yaƙi na farko da aka ƙera da irin wannan roba.

4.0 Shekara Guda a Mashigin Suwes

Domin a ga yadda shekarar aiki take a cikin irin wannan jirgi, babu misalin da ya fi na Mashigin Suwes na ƙasar Masar. An rufe mashigin tun yaƙin watan Yuni na 1967, jiragen kasuwa 15 suka maƙale a ciki. Bayan yaƙin Oktoba na 1973, Masar ta nemi taimakon ƙasashen waje. A watan Afrilu na 1974 jiragen farauta uku na Ingila, wato Maxton da Bossington da Wilton, suka isa Bur Sa'id tare da uwarsu Abdiel. Amurka ta kawo jirage masu saukar ungulu da ke jan na'urorin shara, Faransa ta aiko da nata jirage da 'yan nutso, Tarayyar Sobiyat kuma ta ɗauki sharar tekun da ke kudancin mashigin.

Aikin yini ɗaya ba shi da bambanci da na jiya. Jirgi yana tafiyar hawainiya, ma'aikata suna zaune a ɗaki mai duhu sun zura wa allon na'ura ido. Da an ga alamar wani abu sai a tsaya daga nesa, a saukar da ƙaramin kwalekwalen roba, a yi masa jagora har ya daidaita a kan abin. Ɗan nutso ya shiga ruwa mai laka, sau da yawa da hannu yake lalube. Idan makami ne, sai ya ajiye masa ɗan albarushi a gefe, kowa ya janye, a tashe shi. Sau tari kuwa abin da ake tararwa ganga ce, ko ɓaraguzan mota, ko tarkacen gada. Amma ba a isa a tsallake ko ɗaya ba, domin wanda aka raina shi ne kan tsone ido.

Mashigin ya fi kilomita 160 tsawo. Jiragen Ingila sun yi aiki har watan Nuwamba, wasu kuma suka dawo a 1975 suka sake bi. An fitar da manyan jirage 10 da suka nutse, sojojin Masar kuma suka tono nakiyoyin ƙasa fiye da 600,000 a gaɓoɓin mashigin. Ranar 5 ga Yuni 1975 Shugaba Anwar Sadat ya sake buɗe shi. Yaƙin 1967 kwana 6 ya yi, na 1973 bai kai wata guda ba, amma gyaran ɓarnarsu ya ci fiye da shekara.

5.0 Jiragen Nijeriya

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa rundunar sojan ruwanta a 1956, kuma babban jirginta na farko, wanda ta karɓa daga Ingila a 1959 ta sa masa suna Nigeria, asalinsa jirgin sharar nakiya ne. A shekarun 1980 gwamnati ta sa kamfanin Intermarine na Italiya ya ƙera mata jiragen farauta biyu na roba, kowane mai tsawon kimanin mita 51. Ohue ya fara aiki a 1987, Barama a 1988. Kalmar ohue a harshen Bini na nufin maharbi, barama ma a Barbarci ma'anarta ke nan.

Hujjar sayen ba ɓoyayyiya ba ce. Man fetur, wanda shi ne jigon kuɗin shigar ƙasa, ta ruwa yake fita, kuma 'yan nakiyoyi kaɗan sun isa su toshe tasha. A 1984, ana dab da aikin hajji, nakiyoyin da aka zuba a Bahar Maliya sun lalata jirage fiye da 10, har sai da ƙasashen Turai da Amurka suka aika da masu farauta. Sai dai jirgin farauta, kamar dokin sukuwa, kullum yana bukatar kiwo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 rashin kuɗi da kayan gyara sun ɗaure jiragen biyu a Legas. Yaƙin teku da aka saye su dominsa bai zo ba. Da nakiya ta tashi zuwa, ta tudu ta ɓullo, a can ɗaya kusurwar ƙasar.

6.0 Michika, 2014 Zuwa 2015

A farkon watan Satumba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Gulak, ranar 7 ga watan suka shiga Michika. Dawa tana gona ba ta nuna ba. Jama'a suka watse, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Mubi da Yola. Ranar 29 ga Oktoba Mubi ma ta faɗi, aka laƙaba mata suna Madinatul Islam. A tsakiyar Nuwamba sojoji tare da maharba da 'yan banga suka ƙwato ta. Michika kuwa sai ƙarshen watan Janairu na 2015 aka sanar da ƙwato ta, Madagali a watan Maris.

Waɗanda suka koma sun tarar da ƙonannun gidaje da karyayyun gadoji, kamar ta Kudzum da ke kan hanyar Mubi. Wannan ɓarna ce da ido ke gani. Wadda ido ba ya gani ita ce nakiyoyin haɗin gida da aka binne a hanyoyi, da kuma ragowar makaman da ba su tashi ba da ke warwatse a daji da gonaki. Da damina ta faɗi a 2015, manomi ya sami kansa gaba kura baya sayaki: ya zauna gida yunwa ta ci iyalinsa, ko ya ɗauki fartanya ya shiga gonar da bai san abin da ke cikinta ba. An kuwa ji labaran manoman da abin ya tashi da su.

A nan ne bambancin Suwes da Michika ya fito fili. Suwes hanya ce ta kasuwancin duniya, don haka manyan ƙasashe huɗu suka yi rububin share ta. Gonar dawa a ƙasar Kamwe ba ta da mai rububi. Aikin tono a Arewa Maso Gabas ya tsaya a hannun injiniyoyin soja da 'yan sandan kwance bom, waɗanda babban abin da ke gabansu shi ne buɗe hanyar runduna. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran nakiya sai a 2018 ta fara aiki a yankin, kuma ita da ƙungiyoyin agaji sun fi mayar da hankali kan horo da wayar da kan jama'a.

Akwai kuma alkawarin da ke wuyan ƙasa. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Otawa ta 1997, mai haramta nakiyar kashe mutane, a 2001. A 2011 ta sanar cewa ta gama tsince waɗanda aka sani na zamanin yaƙin basasa. Rikicin Borno da Yobe da Adamawa ya mayar da hannun agogo baya, aka ba ta sabon wa'adi zuwa ƙarshen 2021, aka ƙara mata zuwa ƙarshen 2025.

7.0 Kammalawa

Abubuwa uku ne wannan tarihi ya nuna. Na farko, dasa nakiya aikin dare ɗaya ne mai araha, cire ta kuwa aikin shekara ne mai tsada. Na biyu, kayan farauta da masu sarrafa su ba a samar da su ranar bukata, domin masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Labarin Ohue da Barama kuma ya nuna cewa saye kaɗai bai isa ba in babu kiwo. Na uku, ma'aunin nasarar maharbin nakiya shi ne a wuce lafiya, shi ya sa ba ya samun maroƙi, marubuta tarihi ma sukan tsallake shi.

Dokar da ma'aikatan Suwes suka bi, wato kada a ce wuri ya tsarkaka sai an duba kowane abin zargi an rubuta, ita ce ta dace da gonakin Michika da Madagali. Yana kuma da kyau ɗalibanmu masu neman abin bincike su tattara bayanan manoma da maharba da sojojin da suka yi wannan aiki a daminar 2015, tun suna raye, kada sunayensu su ɓace kamar na waɗanda suka buɗe bakin Kogin Wuri a 1914.