Madatsar da Ta Haifi Amsterdam

Sunan Amsterdam haɗin kalmomi biyu ne a harshen mutanen Holan: Amstel, kogin da ya ratsa garin, da dam, wato madatsar ruwa. Takarda mafi tsufa da ta ambaci sunan ta 27 ga Oktoba 1275 ce, lokacin da Floris na Biyar, mai mulkin yankin Holland, ya yafe wa mazauna Amestelledamme kuɗin fito a faɗin ƙasarsa. Takardar ba ta kira wurin birni ba, mutane ne kawai zaune a bakin madatsa. A ganina wannan suna ya faɗi gaskiyar asalin garin fiye da labaran jiragen kasuwanci da aka fi saninsa da su daga baya.

Ga yadda abin ya faru. Manoman yankin sun daɗe suna haƙa magudanai don busar da fadamarsu, ƙasar kuwa tana bushewa tana lotsawa, har ruwan teku ya samu hanyar kutsowa ta bakin kogi. Tsoron ambaliya ya sa aka tare kogin a ƙarni na 13. To, madatsar da ta hana ruwa shiga ita ce ta hana manyan jirage wucewa. Jirgin da ya fito daga teku sai ya tsaya a gefen madatsar da ke fuskantar teku, inda ake kira Damrak, a sauke kaya, a ɗora su a ƙananan kwale-kwalen da ke jira a ɗaya gefen, inda ake kira Rokin. Duk inda aka tilasta wa kaya sauka, can 'yan dako da dillalai da fatoma za su taru, a kafa sikeli, kasuwa ta ci. Haka aikin kare gona ya zama tashar ciniki ba tare da kowa ya tsara ba.

Wani zai ce ai madatsa ba ta isa hujja ba, tunda garuruwan Edam da Schiedam da Zaandam duk sunayensu na ɗauke da wannan dam ɗin, amma babu wanda ya kama ƙafar Amsterdam. Wannan magana tana da nauyi. Abin da ya ɗaga garin shi ne matakin 1323, da aka mai da shi wurin karɓar harajin giyar da ake shigowa da ita daga Hamburg, abin da ya ƙulla shi da fataken arewacin Jamus. Sai dai mai karɓar haraji ba ya zama inda jirgi zai wuce shi. Yana neman mashigar da dole a tsaya, madatsar kuwa ta riga ta samar da ita shekaru da dama kafin nan. Shi ya sa mulki da ciniki suka taru a kanta: gidan sikeli ya tsaya a dandalin Dam har 1808, kuma a nan aka fara gina babban zauren majalisar birnin a 1648, bisa turakun katako 13,659 da aka kafa cikin laka.