Masu Riga 'Yan Gwangwan

Gyaran kwamfuta a Talata Mafara albarkacin 'yan makaranta ya ci. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sannu a hankali tafireta ta ja baya, shagunan buga takardu suka cika da kwamfutoci na hannu da ake sarowa daga Kano da Ikeja. Ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau kowa da disket ɗinsa a aljihu, ɗan falen nan mai inci 3.5 da ba ya cin abin da ya wuce megabayit 1.44. Hoto guda na wayar yau ya fi ƙarfinsa.

Zuwan filashi sai aka yi watsi da disket. Sony ma ta daina ƙera disket a 2011. 'Yan gwangwan suka shiga kwasar tsofaffin injina a kan sikeli, suna fasa had dis don alminiyam da maganaɗisun ciki. Mu 'yan ƙalilan masu gyara muka riƙa riga su.

Injin disket ba shi da maƙiyi kamar ƙurar hunturu. Ka cire murfin, ka goge bakin karatun nan biyu da auduga da sifirit, ka kankare busasshen giris a kan sukurun da ke jan su, ka ɗiga man keken ɗinki. Faffaɗar wayar nan da ke haɗa shi da kwamfuta kuwa, jan layinta yana bin fil na ɗaya. Ka juya ta, fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Shi had dis ba a buɗe shi a shago, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce faifan. Masu karambani da sukundireba sun kashe da yawa.

A Amurka, gidan tarihin kwamfuta na Kalifoniya ya farfaɗo da RAMAC, na'urar IBM ta 1956 mai fayafai 50. Su don kallo suke yi. Mu don malamin da zai taso daga Bakura ranar Talata da tsohon kundin karatunsa, ko dattijon Maradun mai neman takardar gona da aka buga masa tuntuni.

"Baba, zauna tukuna," nake cewa. In disket ya buɗe, a take nake kwashe komai zuwa filashi kafin mu yi maganar kuɗi, don ba lalle ne ya sake buɗewa ba.